'Yarmu ta kamu da son wasan lakros a Amurka: mu bar ta ko mu hana ta?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah da ke zaune da iyalinta a wajen birnin Baltimore na jihar Maryland. Ta ce 'yarsu mai shekara 13, wadda take aji takwas, ta yi kaka biyu tana wasan lakros (wasan da ake cafe ƙwallo da jifa da ita da sanda mai 'yar raga a kanta) a ƙungiyar unguwa, yanzu kuma kocinta ya ce yarinyar tana da baiwa, ya kamata a sa ta a kulob mai tafiye-tafiye, domin wasan zai iya kai ta jami'a ba tare da an biya ko sisi ba. Maigida yana ɗari-ɗari saboda rauni, da sutura, da kuɗin da za a kashe, ita kuma uwar ba ta son ta tauye yarinyar. Tana neman shawara.

Hajiya, Allah ya raya mana ita, ya yi mata albarka. Na daɗe ina horar da 'yan mata wannan wasa a matakin sakandare, a ƙarshen mako kuma nakan yi alƙalancin wasannin yara, saboda haka na ga iyaye iri-iri a bakin fili. Shawarata ita ce ku bar ta ta yi wasan, amma ku cire maganar karatu kyauta daga cikin dalilanku tun yau, domin ita ce maganar da ta fi kowace rauni a cikin abin da kocin ya faɗa muku, kuma ita ce na ga ta fi ɓata tsakanin iyaye da 'ya'yansu.

Ba abin mamaki ba ne yarinyar da ta tashi a inda kuke ta kamu da son lakros, don kun zauna ne a cibiyarsa. Asalin wasan na 'yan asalin nahiyar ne, musamman al'ummar Haudenosaunee da ke arewacin jihar New York da kudancin Kanada, waɗanda har yau suke ɗaukarsa a matsayin kyauta daga Mahalicci. Wani likitan haƙori a birnin Montreal mai suna George Beers ya rubuta masa dokoki a 1867. 'Yan mata kuwa sun fara buga shi a 1890 a makarantar St Leonards ta ƙasar Skotlan, kuma wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ita ce ta kafa shi a makarantar Bryn Mawr da ke nan Baltimore a 1926. Daga baya dokar nan ta Title IX ta 1972, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ta tilasta wa jami'o'i buɗe ƙofar wasanni ga mata. Jami'ar Maryland ta ci kofin ƙasa sau bakwai a jere daga 1995 zuwa 2001, makarantar sakandare ta McDonogh kuma ta taɓa yin wasa 198 a jere ba a doke ta ba, har sai 2018. Na kawo wannan ne don ki san cewa yarinyar da ta yi fice a ƙungiyar unguwa za ta shiga gasa ne da yaran da suka riƙe sanda tun suna shekara biyar, waɗanda uwayensu ma sun yi wasan.

Game da tsoron maigida, ina kyautata zaton wasan maza ya gani a talabijin ko a YouTube, inda 'yan wasa suke sanye da hular kwano da sulken kafaɗa suna bangazar juna. Na mata wasa ne dabam, ko da yake sunan ɗaya ne. 'Yan wasa goma sha biyu ne a kowane ɓangare, maimakon goma na maza, kuma ba a yarda a bangaje 'yar wasa da jiki ba. An yarda a doki sandar abokiyar hamayya don ƙwallon ta faɗo, amma ana ba da wannan izini ne mataki-mataki gwargwadon shekaru, kuma akwai tazarar da aka keɓe kewaye da kai wadda sanda ba ta shiga. Duk wadda sandarta ta taɓa kan wata, katin gargaɗi ne kai tsaye, ta fita fili na minti biyu. Akwai kuma dokar da ta hana mai tsaron baya tsayawa a kan hanyar ƙwallo tsakanin mai harbi da raga in ba tana manne da wadda take tsarewa ba, dokar da sababbin iyaye suka fi yi mana ihu a kanta, alhali don kare 'ya'yansu aka yi ta. Abin da aka wajabta wa kowace yarinya shi ne tabarau na kariya, wanda ya zama dole tun 2005, da robar kare haƙora. Mai tsaron raga ce kawai take sa hular kwano da makarin maƙogwaro da sulken ƙirji.

Duk da haka ba zan ce miki babu rauni ba. Ƙwallon roba ce mai tauri, sanda kuma takan kuskure. Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne girgizar ƙwaƙwalwa, wadda a wasan mata yawanci ƙwallo ko sanda ce ke jawo ta, ba karo ba. Ba sai yarinya ta suma ba. In ta dawo gida da ciwon kai, ko jiri, ko haske yana damunta, ko ta kasa tattara hankalinta a kan littafi, ko halinta ya canza, to ta daina wasa har sai likita ya sallame ta. Kowace jiha a Amurka tana da dokar da ta tanadi haka, tun daga wadda jihar Washington ta fara yi a 2009. Matsalar ita ce yara suna ɓoyewa don kada a ajiye su a benci, mu kuma mun taso da tarbiyyar cewa ɗan ciwon kai ba ya hana aiki, a sha magani a wuce. A wannan wuri ki ajiye waccan tarbiyya, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne mai haɗarin gaske. Akwai hular kariya da aka ƙera musamman don wasan mata, wadda jihar Florida ta wajabta a makarantunta na sakandare, sauran jihohi kuma suka bar wa iyaye zaɓi. In da 'yata ce zan saya mata, ina sane da cewa babu hular da ke hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya.

Na biyu shi ne tsinkewar babbar jijiyar cikin gwiwa, wadda likitoci a nan suke kira ACL. Ta fi samun 'yan mata fiye da samari nesa ba kusa ba, kuma galibi ba wanda ya taɓa yarinyar: tana gudu ne ta juya da sauri, ko ta dira da ƙafa a miƙe, sai gwiwar ta karkata ciki. Ana yin tiyata, sannan a yi wata tara zuwa shekara guda ana jinya da atisayen farfaɗowa. Abin farin ciki shi ne akwai tsarin ɗumama jiki na kamar minti goma sha biyar, na ƙarfafa cinya da ƙugu da koyon yadda ake dira, wanda aka tabbatar yana rage wannan rauni sosai. Idan kika je duba kulob, ki iso da wuri ki ga yadda suke fara atisaye. Kocin da ya ce yara su zagaya fili sau biyu sannan ya jefa musu ƙwallo bai san aikinsa ba, komai yawan kofunan da ya jera a ofis.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da sauran iyayen da za ki tarar a bakin fili, kuma da wuya kocin ya tuna ya tambaye ki: jinin sikila. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin ƙwayar, wato abin da muke kira AS. Mai AS lafiyarta ƙalau, kuma ba a hana ta wasa. Sai dai in aka matsa mata da gudu mai tsanani ba hutu, cikin zafi, ga ƙishirwa, ƙwayoyin jininta za su iya lanƙwashewa su toshe hanyar jini zuwa tsoka, abin da ya yi sanadin mutuwar wasu 'yan wasan jami'a a ƙasar nan. Shi ya sa hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara neman sakamakon wannan gwaji daga 'yan wasan rukuni na ɗaya, wato mafi girma a cikin rukunan jami'o'inta uku, tun 2010, daga baya ta faɗaɗa shi zuwa sauran rukunan. Idan a Amurka aka haife ta, an gwada ta tana jaririya, likitanta zai iya nemo miki sakamakon. In AS ce, ki gaya wa koci a rubuce cewa a bar ta ta ƙara ƙarfin atisaye sannu a hankali, ta sha ruwa duk lokacin da ta so, kuma ta tsaya nan take in ta ji ƙafafunta sun saki ko numfashi ya gagare ta, ba tare da an ɗauke ta a matsayin raguwa ba.

Ki kuma sa ido a kan cin abincinta da al'adarta, wannan aikin uwa ne, ba na koci ba. Yarinyar da take gudu kwana biyar a mako tana bukatar abinci fiye da yadda take zato, kuma a wannan shekaru sukan fara rage ci don kwaikwayon ƙawaye. In al'ada ta ɗauke mata wata da watanni, alama ce cewa jiki ba ya samun abin da yake ƙonawa, ƙarshensa kuma ƙashi ya yi rauni ya riƙa tsagewa. Ƙarancin jini ma yakan ɓuya a bayan gajiyar da ake ɗora wa atisaye.

Maganar sutura ta fi sauƙi yanzu fiye da shekaru goma da suka wuce. Kayan wasan da aka saba da su ɗan siket ne ko gajeren wando da riga mara hannu, amma babu abin da ya hana a sa dogon wando da riga mai dogon hannu a ciki, kuma a sanyin watan Maris kusan duk 'yan wasan haka suke yi ba don addini ba. Hijabin wasanni yana nan a kasuwa, kamfanin Nike ma ya fitar da nasa tun 2017, kuma tabarau na kariya yana zama a kansa daidai. Abin da nake roƙo shi ne ya zama mai shiga kai tsaye, ba mai allura ko fil ba, kuma kada ya kasance da jela mai lilo da sanda za ta iya kamawa. A da akan nemi takardar izini daga hukumar wasannin jiha kafin yarinya ta sa hijabi, har aka soke sakamakon wata ɗaliba mai tsere, Noor Abukaram, a jihar Ohio a 2019 saboda rashin wannan takarda. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka sassauta dokokin, jihar Maryland kuma ta yi dokarta a 2022 wadda ta ba ɗalibai 'yancin gyara kayan wasa don addini ko kunya. Duk da haka kulob mai zaman kansa da masu shirya gasa a wata jiha suna iya samun nasu tsarin, saboda haka ki yi magana da shugaban kulob tun kafin ki biya kuɗi, ki nemi ya amsa miki ta imel, ki ajiye amsar a wayarki. Ba kowane alƙalin wasa ba ne yake bin sauye-sauyen doka, wannan kuwa a cikinmu nake faɗa.

Azumi ma yana bukatar shiri, domin kakar wasan daga ƙarshen hunturu take zuwa watan Mayu, kuma a waɗannan shekaru watan Ramadan yana faɗowa ne a farkonta, daidai lokacin da ake atisayen gina jiki da zaɓen 'yan wasa. Na horar da yaran da suka yi azuminsu cikakke suka kuma yi wasa, da taimakon sahur mai kyau, da shan ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da kwanciya, da kocin da ya yarda ya rage musu gudu. Yawancin kociyoyi suna yarda in an gaya musu da wuri. Abin da ba sa so shi ne su ji labari bayan yarinya ta faɗi. In kuwa ta kasance AS, to haɗuwar azumi da gudu mai tsanani magana ce da za ku kai wa likita da malaminku tare, ba ni zan yanke ta ba.

Tafiye-tafiyen kulob su ne suka fi damun iyayenmu, kuma da gaskiyarsu. Gasannin bazara da na kaka sukan ɗauki kwana biyu ko uku a wata jiha, a kwana a otal. A wannan shekaru al'adar ita ce kowace yarinya ta tafi da mahaifinta ko mahaifiyarta, saboda haka ba a raba ki da ita ba. Ki tambaya ko an binciki tarihin kociyoyin, ko sun yi horon kare yara da hukumar wasan ta ƙasa, USA Lacrosse, take nema, hukumar da hedkwatarta take nan kusa da ku a garin Sparks. Tun bayan abin kunyar likitan nan Larry Nassar, wanda ya ci zarafin 'yan mata masu wasan motsa jiki shekara da shekaru, ƙa'idar da aka tsayar ita ce babba ba ya keɓewa da yarinya, ko a mota, ko a ɗaki, ko a saƙon waya. Kulob ɗin da ya ji haushin wannan tambaya ya riga ya ba ki amsa.

Yanzu ga maganar kuɗi da karatu kyauta, inda nake so ki karanta wa maigida a hankali. Ƙungiyar unguwa da ta makaranta ba su da tsada. Kulob mai tafiye-tafiye kuwa, in aka haɗa kuɗin rajista da na gasa da otal da mai da abinci da sansanonin horo, dubban daloli ne a kowace shekara, kuma za a yi ta biya ne shekara huɗu ko biyar. Me ake samu a ƙarshe? Jami'o'in NCAA rukuni uku ne. A rukuni na ɗaya, inda akwai ƙungiyoyin mata sama da 120, dokar da aka daɗe ana bi ita ce kowace ƙungiya ba ta wuce tallafin karatu cikakke guda 12 ba, ana kuma yanyanka shi ne a raba wa 'yan wasa talatin ko fiye. Ki yi lissafin da kanki: ko da rabon daidai aka yi, kowace ba za ta samu rabin kuɗin makaranta ba, ga shi ba daidai ake rabawa ba, ga shi kuma jami'o'i da yawa ba su ma da kuɗin cika goma sha biyun. A watan Yuni na 2025 wata kotu ta amince da sasancin wata ƙara tsakanin 'yan wasa da NCAA, wanda ya cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga tsarin, aka maye gurbinta da iyakar 'yan wasa 38 a ƙungiya. Sai dai izinin bayarwa dabam, kuɗin bayarwa dabam, kuma mafi yawan kuɗin wasanni a jami'o'in nan ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ƙwallon kwando suke tafiya. Rukuni na biyu tallafinsa bai kai na ɗaya ba. Rukuni na uku, wanda ya fi kowanne yawan ƙungiyoyi, ba ya ba da ko dala ɗaya don wasa, haka ma jami'o'i takwas na Ivy League irin su Harvard da Princeton, duk da cewa a rukuni na ɗaya suke.

To ina amfanin wasan ga karatu? Amfaninsa na gaskiya shi ne yakan buɗe ƙofar shiga. Koci a jami'a mai wuyar shiga yana iya mara wa takardar yarinya baya a ofishin ɗaukar ɗalibai, in makinta ya kai. Bayan ta shiga, kuɗin da zai sauƙaƙa muku zai fito ne daga tallafin da ake bayarwa gwargwadon ƙarfin iyali, wanda ake nema ta takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya mai suna FAFSA, da kuma wanda ake bayarwa saboda ƙwazon karatu. Na ga yaran da suka tafi ƙananan jami'o'i na rukuni na uku iyayensu suna biyan ƙasa da abin da iyayen taurarin rukuni na ɗaya suke biya. Hukumar NCAA tana neman darussa 16 da ta amince da su a sakandare, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 ga rukuni na ɗaya, amma wannan ƙasan tukunya ne. Jami'o'in da suka yi suna a lakros galibi masu tsananin zaɓe ne, kuma takardar sakamako ce abu na farko da kocinsu zai nema. Saboda haka duk daren da wasa ya ci aikin gida, asara aka yi ko ta fuskar wasan kansa.

Ki kuma san yadda ake zawarcin 'yan wasa, don kada a ruɗe ku. A da kociyoyin jami'a suna karɓar alkawari daga yara 'yan aji takwas da tara, abin ya yi muni har kociyoyin da kansu suka nemi a taka musu birki. A watan Afrilu na 2017 aka kafa dokar da ta hana kocin rukuni na ɗaya tuntuɓar yarinya ko iyayenta kan maganar ɗauka sai farkon Satumba na shekarar da ta shiga aji goma sha ɗaya. Ke nan 'yarku tana da sauran shekaru kafin wani ya sami ikon yi mata tayi. Kafin lokacin za ku riƙa samun imel masu tambarin manyan jami'o'i ana gayyatarta sansanin horo na kwana ɗaya ko biyu da kuɗi. Dubban yara ake tura wa irinsu, kuma hanya ce ta samun kuɗin shiga. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko alkawarin baki da ake yi bayan Satumban, wanda yara suke sanarwa da hoto a Instagram, ba ya ɗaure kowa. Koci yana iya canza wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Sai an sa hannu a takardar tallafi, ofishin ɗaukar ɗalibai kuma ya aiko da tasa, sannan magana ta tabbata.

Idan Allah ya kai ta matakin zaɓen jami'a, tambayar da nake sa kowace ɗalibata ta amsa ita ce: in gwiwarki ta tsinke a makon farko, ba za ki sake wasa ba, za ki so ki ci gaba da zama a wannan makaranta? A rukuni na ɗaya doka ta ce atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako lokacin kaka, amma tafiya da jinya da zaman motar safa ba sa cikin lissafin, saboda haka aiki ne cikakke a kan karatu. Yarinyar da take son likitanci ko injiniya ta tambayi 'yan ƙungiyar, ba koci ba, mutum nawa ne a cikinsu suke karanta irin wannan fanni, kuma yaya suke yi da darasin ɗakin gwaje-gwaje in ya ci karo da atisaye. Ta tambayi abincin halal, da wurin salla, da ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Bayan jami'a kuwa, ko da yake lakros zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028 da tsarin 'yan wasa shida-shida, kuma an fara gasar ƙwararru ta mata, 'yan ƙalilan ne ƙwarai suke cin abinci da wasan. Digirin ne zai riƙe ta.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, ni kuwa zan faɗa. Lakros har yanzu wasa ne da farar fata masu hali suka fi yawa a cikinsa. Mai yiwuwa 'yarku ta zama ita kaɗai ce baƙar fata a ƙungiyarta, ita kaɗai ce mai hijabi a duk filin gasar. Yawancin mutanen da za ta haɗu da su masu kirki ne, amma za ta ji tambayoyin da za su gajiyar da ita, wani lokaci kuma maganar da ta wuce tambaya. Ki riƙa jan ta da hira a kan wannan, kada ki jira ta kawo ƙara. Ki kai ta ta ga ƙungiyar jami'ar Howard a birnin Washington, jami'ar baƙaƙen fata mai tarihi wadda take da ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya, ta ga masu kama da ita riƙe da sanda. Ƙungiyar Harlem Lacrosse ma, mai koya wa yaran unguwannin masu ƙaramin ƙarfi wasan, tana aiki a wasu makarantun Baltimore. Har a Afirka wasan ya fara tsiro: 'yan matan Kenya 'yan ƙasa da shekara 19 sun buga gasar duniya a Kanada a 2019.

Saura halinku ku iyaye a bakin fili. Zuwa da kai ya fi aike, kuma yarinya tana waiwayen gefen fili tana neman fuskar da ta sani ko da ta nuna ba ta damu ba. Amma zuwan yana da ladabi. Na taɓa horar da wata yarinya mai hannun hagu da na jima ban ga irinta ba, mahaifinta ba ya fashin wasa, yana riƙe da ɗan littafi yana rubuta duk ƙwallon da ta zubar, a mota kuma ya karanta mata, ya haɗa da lissafin abin da ya kashe a wannan wata. Tana gab da shiga aji goma sha ɗaya, ana saura 'yan makonni kociyoyin jami'a su fara kira, ta kawo mini sandarta ta ce ta gama. Ba rauni ta ji ba, ba kuma wasan ta tsana ba. Motar ce ta gaji da shiga. Mutumin nan ba mugu ba ne, ya dai ɗauki wasan a matsayin jari, jari kuwa dole a tambayi ribarsa. Mu da muka zo ƙasar nan da wahala, muke aika kuɗi gida, mun fi kowa saurin faɗawa wannan rami. In an tashi wasa ki ba ta ruwa da abinci, ki ce kin ji daɗin kallonta, ki bar ta ta fara maganar in tana so. In kina da ƙorafi a kan koci, ki bari a kwana, kuma in ƙorafin na yawan lokacin da ake sa ta a fili ne, ita za ta je ta tambaya da bakinta, cikin ladabi, me ya kamata ta gyara. Ke kuma ki shiga in magana ta shafi lafiyarta, ko mutuncinta, ko addininta. Alƙalan wasannin yara kuwa da yawansu 'yan sakandare ne masu koyon aiki, 'ya'yan wasu ne su ma.

Game da kulob ɗin da ake magana, ba na ganin akwai gaggawa a bana. Ta ƙarasa wannan kaka a ƙungiyar unguwa, ta ci gaba da wani wasan dabam a sauran watanni, ƙwallon ƙafa ko ƙwallon kwando ko tsere, domin yarinyar da ta maƙale wa wasa ɗaya duk shekara ta fi saurin rauni da gundura, kociyoyin jami'a ma sun fi son mai wasanni da yawa. Ki nema mata bangon bulo mara taga inda za ta riƙa jifa tana cafewa da hannun dama da na hagu minti ashirin a rana, wannan kyauta ne, kuma shi ne ke bambanta 'yan wasa a shekarunta. In bazara ta zo tana nan a kan bakanta, ba tare da an tuna mata da bangon ba, sai ku zauna ke da maigida ku yanke adadin da za ku iya kashewa a shekara ba tare da bashi ba, kuma ba tare da tsammanin zai dawo ba, ku nemi kulob da ke cikin wannan adadi, ku tambaye su ko suna rage wa masu ƙaramin ƙarfi, domin da yawansu suna yi amma ba sa tallatawa. Kafin nan, ki roƙi maigida ya ware Asabar ɗaya a watan Maris ko Afrilu ya kai ta kallon wasan mata a jami'ar Towson ko Loyola ko Johns Hopkins, duka suna cikin Baltimore da kewayenta, tikitin kuma ba shi da tsada. Ya zauna kusa da ita, ya bar ta ta yi masa bayanin dalilin kowane busa.